Digiri Bakwai

Ashaka, rana ba ta gama buɗe ido ba,
na hau hawa na shida da jaka a kafaɗa.
Matakalar ƙarfe na rawa a ƙarƙashin sawuna,
tanderun siminti na juyi a ƙasa kamar sa mai tuƙa,
bai san Juma'a ba, bai san Sallah ba.

Na danna oba-oba: "Hajjo, riƙe ragama da hannu,
zan cire wa injin ido ɗaya."
Ta ce, "Na riƙe. Kada ka daɗe, Gidado,
makaho nake ja."

Ga ta nan maƙale a jikin bututu,
'yar na'ura, ba ta kai ƙoƙon fura ba.
Ita ke jin zafin da mutum ba ya kusanta,
ta mai da shi labari ta cikin waya:
huɗu in tana ƙasa, ashirin in ta kai ƙololuwa,
abin da ke tsakani duk amana ne.

Na zare sandar daga kubenta,
na soka a ƙaramin murhun gwaji.
Sai jira.
Zafi ba a yi masa gaggawa.
Sai lamba ta gama zillo, ta zauna
kamar baƙon da ya sha ruwa,
sannan a tambaye ta labari.

Murhu ya ce ɗari biyu.
Ita ta ce ɗari da casa'in da uku.

Ba ƙaryar rana ɗaya ba ce.
Kaɗan-kaɗan ta zame, kamar gindin mudu
a kasuwar Bajoga, yau a ƙwanƙwasa, gobe a ƙwanƙwasa,
har mai awo ya manta kamannin cikakke.
Wata nawa Hajjo na ƙara wuta
don allon gabanta ya ce mata da saura?

Na goge garin siminti da babban yatsa
daga 'yar takardar da ke manne a murfi.
Sa hannuna ne.
Bara, watan da aka haifi Ummita.

Takardar aiki gida biyu gare ta:
yadda na same ta, yadda na bar ta.
A nan sama ba kowa sai ni da tsattsewa.
Biro ya tsaya a iska.
Malam Dattuwa, wanda ya koya mini riƙon waya,
ya taɓa cewa yana ɓare goro:
"Na'ura ake gyarawa, yaro, ba jiya ba."
Na rubuta bakwai.

Sukuddireba siririya kamar tsinken sakace.
Na taɓa sifili, ya zauna a huɗu.
Na hau sama na taɓa ashirin,
na dawo na tarar ƙasa ta motsa.
Haka abin yake, mangala ce a bayan jaki,
ka ɗaga dama, hagu ya yi ƙorafi.
Sau uku na yi sintiri
kafin su yarda da juna.
Gumi ya cika hular kwano,
shayin da na baro a ƙasa ya riga ya mutu.

"Hajjo, ga idonki."
Shiru. Sai ta ce, "Lamba ta yi tsalle!"
Na ce, "Ba tsalle ba ne. Yau ta faɗi gaskiya."

Murhun nan ma da nake rantsuwa da shi
kowace shekara sai an naɗe shi a akwati
an kai shi gaban wanda ya fi shi, a titsiye shi.
Wancan ma yana da nasa alƙalin.
Ina saukowa ina lissafi:
ni wa ke auna ni?

Da dare na tarar jikin Ummita da zafi.
Kafin in zuge jaka
Goggo ta ɗora bayan hannu a goshinta,
ta ɗan jima, ta ce, "Yana sauka."
Ba takarda, ba hatimi.
Na mai da zif ɗin, na zauna a tabarma.